Commodore 64 a kan VICE: yadda ake ƙwato wurin da ROM ta rufe a ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya kunna tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64, ko ta ainihi ko a manhajar da ke kwaikwayonta a kan kwamfutar zamani, cikin abin da zai fara gani a shuɗin allo akwai "64K RAM SYSTEM 38911 BASIC BYTES FREE". Injin yana da bayit 65,536, amma 38,911 kaɗai aka bar wa mai rubuta shiri da BASIC, harshen shiri da ke zuwa cikin injin. Ragowar 26,625 ba su ɓata ba. Wasu tsarin injin ne ke aiki da su, mafi yawansu kuwa an rufe su ne kawai, kuma ana iya buɗe su. Wannan jagorar za ta nuna inda suke, yadda ake amfani da su, da yadda ake saita manhajar kwaikwayo don kada ta ba ka sauƙin da injin gaske ba zai ba ka ba.

Tushen matsalar

Kamfanin Commodore ya fitar da injin a 1982 da masarrafin MOS 6510, mai layukan adireshi 16. Layi 16 ba sa iya nuna wuri fiye da 65,536, daga adireshi 0 zuwa 65535. RAM, wato ƙwaƙwalwar da ake iya rubutu da karatu a cikinta, ita kaɗai ta cinye waɗannan lambobin duka. To amma akwai ROM, ƙwaƙwalwar da karatu kawai ake yi daga gare ta: ROM ta BASIC mai 8K (K ɗaya bayit 1,024 ne), da ROM ta KERNAL, shirin da ke tafiyar da injin, mai 8K, da ROM ta haruffa mai 4K, ga kuma cip-cip na hoto da sauti da madannai, kowanne yana son adireshi. Mafitar da injiniyoyin suka samu ita ce su shimfiɗa waɗannan a kan RAM kamar tabarma a kan daɓe. Daɓen yana nan a ƙasa, sai an naɗe tabarmar ake ganinsa.

Ga taswirar, kuma ya kamata ka kwafe ta a takarda ka ajiye kusa da kai:

0 zuwa 1023: ma'ajin tsarin injin. Daga 256 zuwa 511 nan ne tarin da masarrafi ke ajiye adireshin komowa.
1024 zuwa 2023: allon rubutu, bayit 1,000, wato layi 25 mai gurbi 40.
2049 zuwa 40959: filin BASIC. Cire 2049 daga 40960, za ka samu 38911.
40960 zuwa 49151: ROM ta BASIC, da RAM a ƙarƙashinta.
49152 zuwa 53247: RAM zalla, 4K, wadda BASIC ba ya taɓawa domin ROM ta raba ta da filinsa.
53248 zuwa 57343: hawa uku ne a nan. Cip-cip na shiga da fita a sama, ROM ta haruffa, sannan RAM.
57344 zuwa 65535: ROM ta KERNAL, da RAM a ƙarƙashinta.

Shirya manhajar kwaikwayo

Sauke VICE, wadda ake haɓakawa tun 1993 kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS. A cikin kunshin akwai manhajoji da yawa, kowacce da injin da take kwaikwaya. Wadda kake so ita ce x64sc, domin ita ke bin aikin injin bugun agogo bayan bugun agogo. Idan daga rumbun Debian ko Ubuntu ka girka, za ka tarar ba a haɗo fayilolin ROM ba saboda haƙƙin mallaka, kuma manhajar ba za ta tashi ba sai ka samar da uku: na KERNAL mai bayit 8,192, na BASIC mai 8,192, da na haruffa mai 4,096. Idan girman fayil bai kai haka daidai ba, to gurɓatacce ne.

Kafin ka rubuta komai, shiga saituna ka tabbatar da abu huɗu. Samfurin injin ya zama C64 PAL, wato mai tsarin talabijin na Turai. Kwaikwayon faifai na haƙiƙa, wanda aka rubuta "True drive emulation", ya kasance a kunne. Duk wani ƙarin ƙwaƙwalwa irin su REU da GeoRAM ya kasance a kashe. Kuma kada a bar katirij, wato ƙaramin akwatin shiri da ake sokawa a bayan injin, a maƙale. Katirij mai 8K yana zama a adireshi 32768, sai saƙon farko ya koma 30719 maimakon 38911. Idan ka ga wannan lambar, ka san inda matsalar take.

Maɓallin Esc shi ne RUN/STOP, Page Up kuma shi ne RESTORE. Idan za ka manno shiri daga wani wuri, mayar da shi ƙananan haruffa tukuna, domin manyan haruffa suna shiga ne a matsayin alamomin zane.

Mataki na farko: auna abin da ya rage

Rubuta PRINT FRE(0). Amsar za ta fito -26627. Ba lalacewa ba ce. BASIC yana ba da amsar ne a lamba mai alama, wadda ba ta wuce 32767, saboda haka duk abin da ya haura sai ya juye ƙasa da sifili. Gyaran shi ne:

PRINT FRE(0)-(FRE(0)<0)*65536

Yanzu za ka ga 38909. Riƙa gudanar da wannan layin bayan kowane gwaji.

Yawancin saƙon OUT OF MEMORY a BASIC ɓarna ce ke kawo shi, ba ƙarancin wuri ba. Kowane layi yana cin bayit 5 kafin a ƙirga abin da ke cikinsa, don haka haɗa umarni da yawa a layi ɗaya da alamar ɗigo biyu yana rage nauyi. A jerin lambobi, kowane gurbi na A yana cin bayit 5, na A% kuwa 2. DIM A(99,99) yana neman 50,000, ba zai shiga ba. DIM A%(99,99) yana neman 20,000, ya shiga har da saura. Amma wannan ribar ta jeri ce kaɗai: A guda ɗaya da A% guda ɗaya duk bayit 7 suke ci.

Akwai kuma OUT OF MEMORY da ke fitowa alhali FRE yana nuna dubban bayit a sake. Wannan daga tarin nan mai bayit 256 yake. Kowane FOR yana ɗora bayit 18 a kai, kowane GOSUB yana ɗora nasa, kuma RETURN ne kaɗai ke sauke shi. Wanda ya saba fita daga GOSUB da GOTO zai cika tarin bayan zagaye ashirin da 'yan kai.

Mataki na biyu: naɗe tabarmar BASIC

Adireshi 1 shi ne makunnin. PEEK yana karanta abin da ke wani adireshi, POKE kuma yana rubutawa a cikinsa. PRINT PEEK(1) zai ba ka 55. Bit uku na ƙasa su ke yanke abin da masarrafi ke gani:

55: BASIC da KERNAL da cip-cip duk suna nan.
54: an ɗauke BASIC, RAM ta bayyana daga 40960.
53: an ɗauke BASIC da KERNAL, cip-cip suna nan.
52: RAM zalla daga farko har ƙarshe.
51: kamar 55, sai dai ROM ta haruffa ta maye gurbin cip-cip a 53248.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: karatu daga ROM yake fitowa, rubutu kuwa RAM ɗin da ke ƙasa yake faɗawa. Gwada. POKE 40960,1 sannan PRINT PEEK(40960). Za ka ga 148, ba 1 ba, domin ROM ce ta amsa. Buɗe na'urar binciken VICE, wadda ake kira monitor, da Alt+H. Rubuta bank ram, sannan m a000 a007. Bayit na farko 01 ne, naka. Rubuta bank cpu don komawa ganin masarrafi, sannan x don fita.

Idan ka rubuta POKE 1,54 kai tsaye, injin zai sandare, domin ka janye BASIC daga ƙarƙashin ƙafarsa yana tsakiyar aiki. Sai ka fara kwafe shi zuwa ƙasa:

FOR I=40960 TO 49151:POKE I,PEEK(I):NEXT

Layin yana kama da aikin banza, amma yana ɗauko kowane bayit daga ROM yana ajiye shi a RAM mai adireshi iri ɗaya. Danna Alt+W don hanzarta injin, ka sake dannawa idan ya gama. Yanzu POKE 1,54 ba zai yi ɓarna ba. Don tabbatar da cewa BASIC daga RAM yake gudana, sauya kalmar READY. wadda ke farawa a 41848:

A$="SHIRYE":FOR I=1 TO 6:POKE 41847+I,ASC(MID$(A$,I,1)):NEXT

POKE 1,55 zai dawo da asalin kalmar. A aikin gaske ba BASIC ake ajiyewa a wannan 8K ɗin ba, bayanai ake zubawa, taswirar wasa ko kiɗa, sai ƙaramin shiri na harshen inji, wanda masarrafi ke bi kai tsaye ba tare da BASIC ba, ya ɗauke ROM, ya kwaso abin da ake so, ya mayar da ita.

Mataki na uku: cip na hoto ba ya ganin abin da masarrafi ke gani

A nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. Cip na hoto, VIC-II, layukan adireshi 14 gare shi, don haka 16K kaɗai yake gani a lokaci guda. An raba ƙwaƙwalwar kashi huɗu, kuma bit biyu na ƙasa na adireshi 56576 su ke zaɓar kashin, a juye: 3 yana nufin 0 zuwa 16383, 2 yana nufin 16384 zuwa 32767, 1 yana nufin 32768 zuwa 49151, 0 kuma 49152 zuwa 65535. Allo da haruffa da zane-zanen da ke motsi dole su kasance a kashi ɗaya.

Abu biyu ne za ka riƙe. Na ɗaya, VIC-II ba ya ganin ROM ta BASIC ko ta KERNAL ko kaɗan, RAM ɗin ƙasa yake gani kullum. Na biyu, a adireshi 4096 zuwa 8191, da kuma 36864 zuwa 40959, ROM ta haruffa yake gani maimakon RAM. Duk zanen da ka ajiye a waɗannan wurare biyu ba zai taɓa fitowa a allo ba, ko da PEEK ya nuna maka yana nan daram.

Hanyar da aka saba koyarwa ta yin sababbin haruffa ita ce a sauke rufin BASIC da POKE 52,48:POKE 56,48:CLR, a ajiye haruffan a 12288. Tana aiki, amma tsadarta ta yi yawa: saboda bayit 2,048 na haruffa, filin BASIC ya ragu daga 38,911 zuwa 10,239. Hanyar da ta fi ita ce a kwashe komai na hoto zuwa kashi na ƙarshe, a ɓoye haruffan ƙarƙashin KERNAL. Misalin da ke ƙasa yana ƙara harafin Ƙ, wanda babu shi a ROM ta injin, a gurbin alamar @:

10 POKE 56334,PEEK(56334) AND 254
20 POKE 1,PEEK(1) AND 251
30 FOR I=0 TO 2047:POKE 57344+I,PEEK(53248+I):NEXT
40 POKE 1,PEEK(1) OR 4
50 POKE 56334,PEEK(56334) OR 1
60 POKE 56578,PEEK(56578) OR 3
70 POKE 56576,PEEK(56576) AND 252
80 POKE 53272,8
90 POKE 648,192:PRINT CHR$(147);CHR$(8)
100 FOR I=0 TO 7:READ B:POKE 57344+I,B:NEXT
110 DATA 102,109,120,112,120,108,102,0
120 PRINT "@ASA"

Adana shirin a faifai kafin ka gudanar da shi. Dalili yana layi na 10. Sau 60 a kowace daƙiƙa agogon CIA, cip ɗin da ke kula da madannai, yana yi wa masarrafi katsalandan don a duba madannai. Idan katsalandan ɗin ya zo alhali ROM ta haruffa ta rufe cip-cip, KERNAL zai nemi CIA ya tarar da zanen haruffa, sai injin ya maƙale. Layi na 10 yana tsayar da agogon, na 50 yana sake tayar da shi. Tsakaninsu madannai ba sa aiki. Kuskuren rubutu ɗaya a layi na 20 zuwa 40 zai bar ka da injin da ba ya jin magana, sai an sake kunna shi, shirin kuma ya tafi.

Layi na 30 yana cin moriyar ƙa'idar nan: rubutu a 57344 yana ratsa KERNAL ya sauka a RAM. Layi na 70 yana amfani da AND 252 ne maimakon zuba 0 kai tsaye, saboda sauran bit na 56576 su ke tafiyar da igiyar na'urar faifai. A layi na 80, rabin sama na 53272 yana nuna inda allo yake a cikin kashin, a matakan 1,024, kuma sifili ne, wato 49152. Rabin ƙasa yana nuna inda haruffa suke: 8 sau 1,024 ya ba da 8,192, idan aka ɗora a kan 49152 ya zama 57344. Adireshi 648 yana gaya wa KERNAL inda zai riƙa rubutu, 192 sau 256 kuma 49152 ne. CHR$(8) yana kulle sauyawa zuwa ƙananan haruffa, tunda rukuni ɗaya kaɗai muka kwafe.

Kowane harafi bayit 8 ne, bayit ɗaya layi ɗaya na ɗigo takwas. Asalin K yana da 108 a layi na biyu. Mun mayar da shi 109, ɗigo ɗaya ya ƙaru a gefen dama, ya zama lanƙwasar Ƙ. Haka za ka yi wa Ɓ da Ɗ: zana su a takarda mai gida takwas-takwas, ka ƙirga daga hagu 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, ka haɗa lambobin gidajen da ka cike. Harafi mai lambar allo N yana farawa a 57344 da ƙarin N sau 8.

Sake auna FRE. Ban da nauyin shirin kansa, BASIC bai rasa bayit ko ɗaya ba. Abin da ka biya shi ne 1,024 daga cikin 4K na 49152, saura 3,072 daga 50176. Tsohon allon da ke 1024 kuwa ya zama fili na ajiye bayanai.

Matsala biyu ke biyo wannan tsarin. Idan ka danna RUN/STOP da RESTORE, VIC-II zai koma kashi na farko amma 648 zai ci gaba da nuna 49152, sai ka riƙa rubutu ba ka ganin komai. Rubuta POKE 648,4 a makance, danna RETURN, sannan ka share allo. Ta biyun: daga BASIC ba za ka iya karanta haruffan da ka ajiye ba, PEEK(57344) bayit ɗin KERNAL zai ba ka. Duk aikin da ke buƙatar a karanta bayit a gyara a mayar, kamar ɗiga ɗigo a hoto mai bayit 8,000, sai da harshen inji.

Ga mai harshen inji da zai sa 53 ko 52 a adireshi 1: adireshin da masarrafi ke duba wa katsalandan suna 65530 zuwa 65535, a cikin KERNAL. Da ka ɗauke KERNAL, duk tarkacen da ke RAM a wurin shi zai bi. Fara da SEI, umarnin da ke toshe katsalandan, rubuta naka adireshin a 65534 da 65535, kuma kada ka manta da 65530 da 65531, domin SEI ba ya hana maɓallin RESTORE.

Inda manhajar kwaikwayo ke ruɗin mutum

Shirin da ya yi aiki a VICE kaɗai bai gama cin jarrabawa ba. Ga wuraren da ake faɗawa.

Girman fayil. A faifan 1541, na'urar faifan Commodore, ana ƙirga fayil da tubali mai bayit 254, kuma sabon faifai yana da 664. Shirin da ke lodawa daga 2049 yana da wuri har 53247, wato tubali 202. Wanda ya wuce haka zai fara zuba bayanansa a kan cip-cip na hoto da sauti yana cikin lodawa, injin ya rikice. VICE tana da zaɓin "Inject into RAM" wanda ke cusa fayil kai tsaye ba tare da bin hanyar lodawa ba, sai matsalar ta ɓuya. Sanya shirinka a hoton faifai na D64, ka loda shi da LOAD"*",8,1 kamar yadda injin gaske zai yi. Idan ya haura 202, matse shi da manhaja irin Exomizer, ko ka raba shi fayil biyu.

Na'urar faifai. 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da masarrafin 6502 da RAM 2K. Wasanni da yawa suna tura mata nasu shirin don hanzarta lodawa. Idan kwaikwayon faifai na haƙiƙa yana kashe, babu inda shirin zai sauka, sai wasan ya tsaya a baƙin allo, mutum ya zaci ƙwaƙwalwa ce ta kasa.

Abin da ke RAM lokacin kunnawa. RAM ta gaske ba ta tashi da sifili, tana tashi da jerin 0 da 255 da ya bambanta daga inji zuwa inji. Shirin da ya ɗauka cewa wuri a share yake zai yi aiki a nan ya ƙi a can. A saitunan VICE akwai inda ake sauya wannan jerin. Ko kuma kafin gudanar da shiri ka cika wurin da shara daga na'urar bincike: f c400 cfff aa. Idan halin shirin ya canza, akwai wurin da ba ka share ba. Haka nan RAM ta launi da ke 55296 cip ne daban mai bit 4 kaɗai, rabin sama na abin da PEEK ya dawo da shi ba abin dogaro ba ne, kullum ka sa AND 15.

Ƙarin ƙwaƙwalwa. Commodore ta sayar da REU iri uku: 1700 mai 128K, 1764 mai 256K, 1750 mai 512K. VICE tana iya ba ka har 16MB da dannawa ɗaya. Kunna ta, za ka ga saƙon farko bai gusa daga 38911 ba, domin masarrafi ba ya ganin wannan ƙwaƙwalwar. Ana umartar REU ne ta adireshin da ke farawa a 57088, ta kwaso bayanai zuwa cikin 64K ko ta fitar da su. Rumbu ce, ba ƙarin ɗaki ba. Idan ka dogara da ita, ka faɗa a bayanin shirinka, domin yawancin masu injin ba su da ita.

PAL da NTSC. A PAL kowane hoto yana da layi 312 mai bugu 63, jimla 19,656. A NTSC, tsarin Amurka, layi 263 ne mai bugu 65, jimla 17,095. Shirin da ke kwashe bayanai daga ƙarƙashin ROM a kowane hoto zai iya isa a na farko ya gaza a na biyu. Sauya samfurin a saituna ka gwada duka biyun.

Idan wani abu yana taka maka bayanai ba ka san ko mene ne ba, sa masa tarko: watch store e000 e7ff zai tsayar da injin a daidai umarnin da ya yi rubutu a wurin, ya nuna maka adireshinsa.

Idan za ka koma injin gaske

Tsofaffin allunan C64 suna da cip na RAM takwas samfurin 4164, na baya kuma biyu samfurin 41464. Lokacin kunnawa KERNAL yana gwada RAM daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya inda ya fara samun kuskure. Saboda haka lambar da ba 38911 ba, alhali babu katirij, alama ce ta cip da ya lalace. Katirij na gwaji da ake kira Dead Test yana nuna wanne ne ta yawan walƙiyar allo. Kafin ka jona injin da ya daɗe a ajiye, auna layin volt 5 na asalin akwatin wutarsa da mita. Waɗannan akwatunan idan sun tsufa sukan saki wuta fiye da ƙima, kuma RAM ce ke fara ƙonewa. Duba kuma ko na ƙasar Amurka ne mai volt 120, kada ka jona shi a soket mai 230 ba tare da taransifoma ba.